Tiyatar Gwiwa Da Mutum-mutumi: A Yi Tambaya Kafin A Sayar Da Gona



Duk wanda yake zagaya ikkilisiyoyinmu na ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ya san yadda ciwon gwiwa ya addabi tsofaffinmu. Akwai iyayenmu na zumuntar mata waɗanda a dā su ne kan gaba wajen zuwa sujada, yanzu kuwa sai an ɗauko su a babur. Akwai dattawan da suka yi shekara arba'in suna noman gero da dawa da gyaɗa, yau ba sa iya kai kansu bakin gona, balle a yi maganar cin kasuwar Sara. Wasu ma durƙusawa domin addu'a ta gagare su.

A 'yan shekarun nan kuma wani sabon zance ya shigo mana. 'Ya'yanmu da suke aiki a Kano da Abuja suna ganin talla a wayoyinsu daga asibitocin Indiya da Dubai, ana cewa mutum-mutumi ne yake yin tiyatar canjin gwiwa, wai ba ya kuskure ko da na ƙwayar gero. Daga nan sai magana ta zo gaban iyali, wani lokaci har gaban dattawan ikkilisiya, cewa a sayar da gona ko shanun huɗa, ko a yi baiko na musamman, domin a fitar da Baba ko Mama waje. Tun da yake abin ya shafi gumin talakawa da gādon 'ya'ya, muka ga ya kamata mu duba abin da likitocin ƙashi na duniya suka gano, mu kawo wa jama'a.

Ga amsar a taƙaice. Gaskiya ne na'urar ta fi hannun mutum iya yanka ƙashi daidai da awon da aka tsara. Amma binciken da aka yi na shekaru masu yawa bai nuna cewa gwiwar da aka sa da ita ta fi daɗewa ko ta fi daɗin tafiya ba. Bari mu bi maganar daki-daki.

Abin da yake lalacewa a gwiwa

A cikin gwiwa, ƙashin cinya yana zaune a kan ƙashin ƙwauri, ƙoƙon gwiwa kuma yana gaba. Allah ya lulluɓe bakin ƙasusuwan nan da guringuntsi mai santsi, irin farin abin nan da muke gani a gaɓar ƙafar akuya idan an yi yanka. Shi ne yake sa ƙashi ya zame a kan ƙashi ba tare da zafi ba. Da tsufa, da ƙiba, da ɗaukar kaya masu nauyi, da tsohuwar karaya ko targaɗen da bai ɗoru daidai ba, guringuntsin nan yakan cinye. Idan ya ƙare sai ƙashi ya riƙa gugar ƙashi, gwiwa ta kumbura, ta sage da safe, a hankali ƙafa ta lanƙwashe kamar baka ko ta yi gwame. Wannan shi ne abin da muke kira amosanin gaɓɓai, wasu su ce sanyin ƙashi.

Guringuntsin da ya cinye ba ya sake tsirowa. Ƙwaya da allura da man shafawa suna rage zafi ne kawai. Idan ciwo ya kai ga hana barci da hana tafiya, kuma duk sauran hanyoyin sun kāsa, to a nan ne likita yakan kawo maganar canjin gwiwa.

Yadda ake canjin gwiwa

Sunan aikin yana ba mutane tsoro, har wasu suna zaton ana cire gwiwar ne ɗungum. Abin da ake yi shi ne, likita yana sa zarto na musamman ya ɗebe bakin ƙashin da ya lalace, kaurin da bai kai faɗin yatsa ba, daga ƙashin cinya da na ƙwauri. Sai ya rufe wuraren da ƙarfe marar tsatsa, yawanci a manne shi da wani irin siminti na asibiti, a tsakani kuma a sa roba mai tauri da santsi wadda za ta yi aikin guringuntsi. Irin gwiwar da ake sawa yau ta samo asali ne daga wadda likita John Insall da abokan aikinsa suka fara sawa a birnin New York na Amurka a 1974. Wato aikin ya yi shekara hamsin ana yin sa da hannu.

A aikin hannu, likita yana amfani da sandunan awo da ma'aunan ƙarfe da yake ɗaurawa a jikin ƙashi, su nuna masa inda zarto zai bi. Burin da aka daɗe ana bi shi ne, idan an ja layi daga tsakiyar ƙugu zuwa tsakiyar idon sawu, layin ya ratsa ta tsakiyar gwiwa, kamar yadda magini yake sakin igiyar awo domin bango ya miƙe. Likitoci sun ɗauki karkatar da ba ta wuce digiri 3 ba a matsayin daidai. Domin mai karatu ya gane ƙanƙantar abin, ya dubi fuskar agogon bango: tsakanin alamar minti ɗaya da ta kusa da ita digiri 6 ne. Ke nan digiri 3 rabin wannan ɗan tsakanin ne. Da aka haɗa sakamakon bincike da dama a 2007, an ga cewa a aikin hannu kusan gwiwa 3 cikin 10 sukan wuce wannan iyaka. Wannan giɓi ne masu ƙera na'urori suka so su cike.

Mene ne mutum-mutumin?

Kada a yi zaton wani gunki ne mai kai da ƙafa yake shigowa ɗakin tiyata ya kori likita. Yawancinsu hannu ne na ƙarfe da aka haɗa da kwamfuta da kyamara. A wasu na'urorin, kafin ranar aiki ana ɗaukar hoton ƙashin da injin da yake nuna shi ta kowane gefe, kwamfuta ta zana siffar gwiwar, likita ya tsara inda zai yanka. A ranar aiki ana kafa wasu ƙusoshi a ƙashin cinya da na ƙwauri, masu ɗauke da alamun da kyamara take bi. Likita ne yake tsaga fata, shi ne yake riƙe zarto, na'ura kuwa tana tsare shi kada ya fita daga iyakar da aka zana. Idan zarto ya nufi waje sai ta tsaya. A wasu kuma aikin na'urar shi ne ta riƙe ma'aunin yanka a daidai wurinsa, likita ya yanka da hannunsa.

Abin ba sabo ba ne kamar yadda talla take nunawa. Na'urar da ake kira ROBODOC ta fara aiki a jikin ɗan Adam a 1992 a birnin Sacramento na jihar Kalifoniya, a tiyatar ƙugu. Likitan ƙashi William Bargar da likitan dabbobi Howard Paul ne suka jagoranci ƙera ta, kuma an fara gwada ta a kan karnuka. Waɗanda ake yayi yanzu sun zo daga baya. Kamfanin Stryker ya sayi na'urar Mako a 2013 a kan kuɗi fiye da dala biliyan ɗaya da rabi, ya kuma baza ta kasuwa domin canjin gwiwa gaba ɗaya a 2017. Na'urar ROSA ta kamfanin Zimmer Biomet ta sami izinin aikin gwiwa a Amurka a 2019. Kowace ɗaya tana cin abin da ya kai dala miliyan ɗaya ko kusa da haka, ban da kuɗin kula da ita da kayan da ake zubarwa bayan kowane aiki. Asibitin da ya sayi irin wannan kaya dole ya nemi hanyar mayar da kuɗinsa, shi ya sa tallarta take da ƙarfi.

Iyakar daidaitonta

Wajen bin awo, ba gardama, na'urar ta yi zarra. A 2006 likita Justin Cobb da abokan aikinsa a Landan suka buga sakamakon wani gwaji da suka yi a kan canjin rabin gwiwa da wata na'ura mai suna Acrobot. Dukan waɗanda aka yi musu aiki da na'urar, ƙafarsu ta tsaya cikin digiri 2 na abin da aka tsara. A waɗanda aka yi musu da hannu, kashi 40 cikin 100 ne kawai suka sami haka. Gwajin ƙarami ne, gwiwa 28 kacal, amma bincike da yawa da suka biyo baya sun nuna abu iri ɗaya, wato ƙafafun da suke karkacewa fiye da kima sun fi kaɗan idan an yi amfani da na'ura.

Akwai kuma alamar sauƙi a kwanakin farko. A 2018 wasu likitoci a Landan suka kwatanta mutum 40 da aka yi musu da na'urar Mako da wasu 40 da aka yi musu da hannu. Na farkon sun ji zafi kaɗan bayan aiki, an kuma sallame su kusan kwana guda kafin sauran. Wannan abin kirki ne, ba mu raina shi ba.

To amma tsohon da ya sayar da gonarsa ba hoton ƙashi mai kyau yake nema ba. So yake ya taka ya je majami'a, ya je gona, kuma kada a sake kwantar da shi bayan shekara goma. A nan ne labari ya canza.

Abin da shekaru suka nuna

A ƙasar Koriya ta Kudu, likita Young-Hoo Kim ya yi wani babban gwaji a kan marasa lafiya 1,406 da aka yi wa aiki tsakanin 2002 da 2008. An raba su gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi da na'ura, rabi da hannu. Aka bi su har kimanin shekara 13, aka buga sakamakon a 2020. Wajen zafi, da tafiya, da lanƙwasa gwiwa, da kwancewar ƙarfe daga jikin ƙashi, ba a sami bambanci tsakaninsu ba. A kowane ɓangare an ƙiyasta cewa gwiwa 98 cikin 100 za su kai shekara 15 ba su kwance ba.

Kafin wannan, a 2010, likitocin asibitin Mayo na Amurka sun duba gwiwa 398 da aka sa da hannu, suka raba waɗanda suka tsaya cikin digiri 3 da waɗanda suka wuce. Bayan shekara 15, waɗanda suka miƙe sosai ba su fi sauran daɗewa ba. Wannan ya sa har yau likitocin ƙashi suna muhawara a kan wane layi ne ya fi dacewa, domin Allah bai halicci ƙafafun mutane iri ɗaya ba. Akwai masu lafiya ƙalau da aka haife su da 'yar lanƙwasa. Na'ura tana iya kai zarto daidai inda aka nuna mata, amma mutum ne yake zaɓen wurin. Idan tsarin bai dace da ƙafar ba, za ta bi shi daidai yadda yake.

Adalci ya sa mu faɗi cewa na'urar da aka yi gwajin Koriya da ita tsohuwar ƙira ce. Sababbin sun fi ta, sai dai ba su daɗe a duniya ba, saboda haka babu wanda yake da sakamakonsu na shekara 15 ko 20. Aikin hannu kuwa yana da tarihi. Wani bincike da mujallar likitoci ta Lancet ta buga a 2019 ya nuna cewa kusan gwiwa 82 cikin 100 suna kai shekara 25, kuma yawancinsu da hannu aka sa su. Duk wanda ya ce mana aikin hannu tsohon yayi ne marar amfani, to bai faɗa mana gaskiya ba.

Na'urar ma tana da nata matsalolin. Ƙusoshin da ake kafawa a ƙashi, ko da yake ba kasafai ba, sukan jawo karaya ko ƙwayar cuta a wurin ramin. Aikin yakan ɗauki lokaci fiye da na hannu, musamman idan likita sabon shiga ne a kanta. A Jamus, marasa lafiya da dama sun kai ƙara kotu saboda lahanin da suka ce sun samu a tiyatar ƙugu da ROBODOC, har babbar kotun ƙasar ta bayyana a 2006 cewa wajibi ne likita ya gaya wa marar lafiya idan hanyar aiki sabuwa ce wadda ba a gama sanin haɗarinta ba. Wannan hakki ne da ya kamata mu ma mu riƙa nema.

Abin da na'ura ba ta iyawa

Wani bincike da aka yi a lardin Ontario na ƙasar Kanada, aka buga a 2010, ya nuna kusan mutum 1 cikin 5 ba su gamsu da sabuwar gwiwarsu ba. Babban dalilin da aka gano shi ne sun sa rai da abin da aikin bai ba su ba. Wannan magana ta shafe mu ƙwarai. Turawa a kan kujera suke zama, mu kuwa rayuwarmu a ƙasa take: zama a tabarma, tsuguno a masai, durƙuso wajen gaida manya da wajen addu'a, sunkuyo da fartanya. Gwiwar ƙarfe yawanci tana lanƙwasuwa iyakar abin da zai isa zama a kujera da hawan matakala da hawan babur. Cikakken tsuguno yana bukatar fiye da haka, kuma mutane da yawa durƙuso yakan yi musu wuya bayan aiki, ko da hannu aka yi ko da na'ura. Iyalin da suke shirin wannan aiki su shirya gado mai ɗan tsawo, da kujera, da masai na zama.

Haka kuma na'ura ba ta hana ƙwayar cuta shiga gaɓa, wanda shi ne abin da likitocin ƙashi suka fi tsoro, domin idan ta kama ƙarfen, wani lokaci sai an cire shi. Tsabtar ɗakin tiyata, da daidaita ciwon sukari da hawan jini kafin aiki, da kula da rauni bayan an koma gida, su ne garkuwa. Ba ta kuma yi wa mutum motsa jiki. Bayan aiki ana bukatar makonni, har watanni, na miƙe ƙafa da lanƙwasa ta a hannun ma'aikatan sashen gashi. Wanda aka yi masa aiki a ƙasar waje, ya dawo ƙauye bayan mako biyu ko uku ba mai duba shi, gwiwarsa tana iya sagewa komai kyan yankan da aka yi. Idan kuma rauni ya fara ruwa da tsakar dare a Gwaram, likitan da yake Indiya ba zai iya zuwa ba.

Shawararmu ga iyalai da ikkilisiyoyi

Na farko, a fara daga gida. A je asibiti mafi kusa, ko Asibitin Tarayya na Birnin Kudu, a ɗauki hoton ƙashi, a tabbatar da irin ciwon. Ba kowane ciwon gwiwa ne yake bukatar tiyata ba. Rage ƙiba yana da amfani sosai, gama bincike ya nuna duk kilo ɗaya da mutum ya rage yana sauke wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. Ƙarfafa naman cinya da riƙe sanda ma suna taimakawa. A kuma yi hankali da ƙwayoyin kashe zafi irin su diclofenac da ibuprofen, da haɗe-haɗen da ake ƙullawa a leda a kasuwa, domin shan su kullum ba da izinin likita ba yana jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda.

Na biyu, idan likita ya ce sai tiyata, a nemi takardar tura marar lafiya zuwa wurin ƙwararru. Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka kafa tun 1959, yana da likitocin da suke yin canjin gwiwa da na ƙugu. Ko a can aikin ba araha ba ne, amma babu kuɗin jirgi da biza da masauki da canjin dala, kuma ana iya komawa a ga likita cikin yini guda.

Na uku, ko a gida ko a waje, a yi wa likita tambayoyi cikin ladabi. Gwiwa nawa yake sawa a shekara? Idan da na'ura ne, sau nawa ya yi aiki da ita? Nawa ne bambancin kuɗi tsakanin aikin hannu da na na'ura? Wa zai kula da motsa jiki, kuma har tsawon wane lokaci? Idan matsala ta taso bayan wata shida, wurin wa za a je? Likitan kirki ba ya fushi da irin waɗannan tambayoyi. A kuma yi hattara da dillalan da suke cin kamasho a kan kowane marar lafiyar da suka tura waje.

Na huɗu, ga dattawan ikkilisiya. Taimakon marar lafiya aikinmu ne, ba mu ce a rufe hannu ba. Amma kafin a sanar da baiko na musamman, a nemi wani ma'aikacin lafiya daga cikin membobi ya duba takardun asibitin, a kuma ware kuɗin jinya ta bayan aiki tun da fari. Kuɗin da zai fitar da mutum ɗaya waje domin sunan na'ura yana iya isa a yi wa fiye da mutum ɗaya aiki a Kano. Wanda Allah ya hore masa, ya kuma sami ƙwararren likita mai amfani da na'ura, babu laifi ya je. Abin da muke gudu shi ne iyali su rasa gonar da suke ci da ita saboda ƙarin kuɗin da ba a tabbatar yana ƙara lafiya ba.

Bishara ta hannun Markus, sura 5, ta ba mu labarin matar da ta yi shekara goma sha biyu tana fama da ciwo, dukiyarta ta ƙare wajen neman magani, sauƙi bai samu ba. Ubangiji ya ga wahalarta, ya kuma ji tausayinta. Mun san kuma Luka, wanda ya rubuta mana bishara, shi kansa likita ne. Saboda haka ba ma ƙin ilimin likitoci ko sababbin na'urorinsu, gama dukan hikima daga wurin Allah take. Abin da ya rage mana shi ne mu zama amintattun masu riƙon abin da ya danƙa mana, mu tambaya, mu auna, mu yi addu'a, sa'an nan mu yanke shawara tare da marar lafiyar da kansa.

A halin yanzu kuma, tsofaffin da ciwon gwiwa ya tsare a gida suna nan a unguwanninmu da ƙauyukanmu. Matasa su ɗauko su zuwa sujada, a tanada musu benci mai majingina kusa da ƙofa, waɗanda ba sa iya fitowa a kai musu ziyara da Jibin Ubangiji. Wanda ba ya iya durƙusawa kada ya damu, Allah yana jin addu'ar da aka yi a zaune.

Ubangiji ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba likitocinmu basira, ya kuma kiyaye mu daga masu cin riba da wahalar bayinsa. Amin.